Saura kwana tara intabiyuna, me zan karanta?

Aminu, Garwa: Assalamu alaikum 'yan zaure. Wani kamfani a Duwala ya kira ni intabiyu ta bidiyo, aikin injiniyan bayanai ne. Na wuce matakin farko, wata mata daga sashen ɗaukar ma'aikata ta kira ni muka yi minti 20 a waya. Yanzu saura na gwaji, sun ce awa ɗaya da rabi, kuma shugaban sashen daga Faransa zai shigo. Lisans ɗina a Jami'ar Ngaundere na yi, ban taɓa zaman irin wannan ba. Duk inda na leƙa LeetCode ake ta faɗi, wato shafin intanet na atisayen tambayoyin rubuta manhaja, kaina ya ɗaure.

Sani, Marwa: Wa alaikumus salam. To ai gaskiya suka faɗa maka. Ka yi tambaya biyar kullum, masu sauƙi da matsakaita, kwana tara ka ci 45 ke nan. Ka haɗa da HackerRank, shi ma irin wannan shafin ne.

Hajiya Balki, Yawunde: Sani, kada ka ɓatar da yaron nan. Shawararka ta mai neman aikin rubuta manhaja ce a manyan kamfanonin Amurka. Aminu ƙanena, ni ina cikin masu zama su yi wa mutane irin wannan gwajin a wurin aikinmu, kuma inda akasarin yara ke faɗuwa SQL ne, harshen da ake zaƙulo bayanai da shi daga rumbun adana su. Tambayar da na fi so ita ce: ga teburin tura kuɗi ta waya, wasu layuka sun shigo sau biyu, fitar min da turawar ƙarshe ta kowane mutum. Wanda ya san umarnin SQL na ROW_NUMBER tare da PARTITION BY, minti biyar ya gama. Wanda bai sani ba sai ya kama GROUP BY yana ta kokawa har lokaci ya ƙure. Ka kuma san bambancin LEFT JOIN da INNER JOIN, da WHERE da HAVING, da dalilin da COUNT na ginshiƙi yake tsallake NULL, wato gurbin da ba a cike ba, alhali COUNT(*) ba ya tsallakewa. Ka girka PostgreSQL, manhajar rumbun bayanai da ke aiki da SQL, a kwamfutarka yau ɗin nan, kana rubutawa da hannunka. Kallon bidiyon YouTube kana gyaɗa kai ba karatu ba ne.

Sani, Marwa: Hajiya, ni dai an ba ni tambayar jera lambobi a nawa gwajin.

Hajiya Balki, Yawunde: Za a iya ba shi guda ɗaya a Python, harshen rubuta manhaja, ban musa ba. Kwana biyu sun ishe ta. Sauran bakwai na SQL ne da abin da ya taɓa ginawa.

Malam Isa, Injamena: Ni abin da ya kayar da ni a karon farko shiru ne. An ba ni tambaya, na san hanyar, sai na duƙufa ina rubutu kamar mai jarrabawar bakaloriya, kusan minti goma ban ce uffan ba. Mutumin ya yi gyaran murya sau biyu, ni ko a jikina. Da na gama, amsar ta yi daidai, amma ba su sake kira na ba. Daga baya wani da ke ciki ya gaya min cewa ba su san yadda nake tunani ba, kuma ba su tabbatar ba a gefe nake kwafowa ba. Mu a makaranta an horar da mu kada ka buɗe baki sai ka tabbata. A can akasin haka ake so. Ka fara da tambayarsu: layuka nawa ne a teburin, dubu ne ko miliyan? Akwai gurbin da ba a cike ba? Sannan ka faɗi hanya mai sauƙi, ka ce ga aibinta, ga yadda zan gyara. In ka maƙale ka ce na maƙale a nan, ga abin da nake zato. Sau da yawa su da kansu za su miƙo maka igiya.

Aminu, Garwa: Malam, da Faransanci ma in na ruɗe harshena sarƙewa yake, balle su juya Turanci.

Malam Isa, Injamena: Ka tura saƙo yau ka tambaye su da wane harshe za a yi, ba abin kunya ba ne. Kuma ka zaunar da wani kana warware tambaya da babbar murya. Ni matata na zaunar, ba ta san komai a kwamfuta ba, amma duk inda na yi shiru sai ta buga cokali a kwano.

Zainabu, Ngaundere: Yaya Aminu, ka ce shugaban yana Faransa? Ka duba agogon da suka rubuta. Daga Lahadin ƙarshe ta Maris zuwa Lahadin ƙarshe ta Oktoba suna gabanmu da awa ɗaya, sauran shekara agogonmu ɗaya. Ni an ce min ƙarfe 10 a watan Afrilu, na yi wanka na zauna ƙarfe 10 na Kamaru, ashe tun 9 suka jira ni suka tashi. Na yi kuka ranar, wallahi.

Bello, Kusiri: Sai maganar wuta da layi. Ka cika kwamfuta tun dare, ka sa data a layi biyu, MTN da Orange, in ɗaya ya yi rauni ka koma ɗayan. Ka gwada Google Meet ko Teams ɗin a ɗakin da za ka zauna, a daidai wannan lokacin, kwana ɗaya kafin nan. Zafin Garwa kuma ka sani, kada ka ɗora kwamfuta a kan katifa, ta yi zafi ta mutu maka a tsakiya. Tun farkon hira ka ce musu in layi ya yanke zan dawo cikin minti biyu.

Hajiya Balki, Yawunde: Na manta abu ɗaya. Tabbas za su ce ba mu labarin wani aiki da ka yi. Kada ka lissafo manhajojin sarrafa bayanai irin su Spark da Kafka da Airflow in a takarda kawai ka san su, tambaya biyu za ta tona ka. Aikin kammala karatunka ma ya isa, in dai ka iya faɗin inda ya lalace da yadda ka gyara. Kuma ka shirya wa wannan: aikin da ke kwaso bayanai cikin dare ya faɗi a tsakiya, aka sake kunna shi, yaya za ka hana a lissafa kuɗin mutane sau biyu? ChatGPT kuma ka rufe shi. Muna ganin ido yana bin layi.

Sani, Marwa: In an zo albashi fa?

Malam Isa, Injamena: Kada ya riga su faɗin adadi. Ya tambaya ko kuɗin kafin a cire haraji da na CNPS (asusun fanshon ma'aikata) ne ko bayan an cire, da wata nawa ne lokacin gwaji. In da Yuro suka yi magana, Yuro ɗaya sefa 655.957 ne, ba ya motsi. Hayar ɗaki a Duwala kuma ba ta Garwa ba ce, ya sa wannan a lissafi.

Aminu, Garwa: Na duba saƙon yanzu, agogon Faris suka rubuta. Zainabu, Allah Ya saka, da na bi sahunki. Hajiya, PostgreSQL yana sauka. Ko za ki ba ni rabin awa ki gwada ni?

Hajiya Balki, Yawunde: Asabar bayan la'asar. Ka zo da teburin tura kuɗin nan a warware, kuma ba zan tausaya maka ba.