Ɗan ajinmu ya rasu, me ya fi dacewa mu yi da kuɗin da muka tara?

Ɗan Setin 2000:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Makon jiya Allah Ya yi wa ɗan ajinmu na makarantar kwana rasuwa, wanda duk muke kira Bibisi. Ciwon ƙoda ne, ya daɗe ana yi masa wanki a Kano. Ya bar mata ɗaya da yara huɗu, babban yana aji biyu na ƙaramar sakandare.

Sunan ya samo asali ne daga wata 'yar rediyo da yake ɓoyewa cikin buhun garin kwakinsa. Bayan an tashi daga firef, wato karatun dare, sai mu zagaye gadonsa, ya rage murya, mu saurari labarai. Ranar 8 ga Yuni 1998 daga bakinsa muka ji rasuwar Abacha, tun malamai ba su ce komai ba. Mu ne kuma setin da aka fara yi wa jarrabawar NECO a 2000, kowa na fargaba don babu tsofaffin tambayoyin da za a duba. Shi ya riƙa tara mu bayan sallar Asuba yana warware mana lissafi da guntun alli a jikin ƙofar hostal. Da yawa daga cikinmu da suka zama injiniyoyi da likitoci, a ƙofar nan suka fahimci aljebra. Shi kuwa koyarwa ya yi a wata sakandaren ƙauye har ya kwanta.

A guruf ɗinmu na WhatsApp mun haɗa kusan N900,000. Wasu sun ce a haƙa rijiya da sunansa, wasu sun ce a damƙa wa iyalinsa. Gardama ta fara zafi. Me kuke gani?

Malam Na Tudun Wada:
Wa alaikumus salam. Allah Ya jiƙansa, Ya sa ya huta. Ɗan uwa, kafin maganar rijiya, kun tambaya ko ana bin sa bashi? Wanda ya yi jinyar ƙoda da albashin malamin makaranta, da wuya a ce bai ci bashi ba. Hadisi ya zo cewa ran mumini a rataye yake da bashinsa har sai an biya. Ko a dukiyar mamaci, bayan hidimar jana'iza bashi ake fara fitarwa, sannan wasiyya, sannan gado. Falalar shayar da ruwa tabbatacciya ce, Sa'adu bin Ubada rijiya ya yi wa mahaifiyarsa. Amma a fara sauke masa nauyi. Ku sami ƙanensa ko wansa a keɓe, don ba a zaman makoki ake jin irin wannan ba.

Maman Walid:
Allah Ya gafarta masa. Ku yi haƙuri da abin da zan faɗa, Yaya. Maza kuna son abin da za a liƙa wa allo a ɗauki hoto. Matarsa tana takaba wata huɗu da kwana goma, ba fita za ta yi neman abinci ba, kuma da an share makoki ƙafa take ɗaukewa. Na ga haka a gidan yayata. Ku tura matanku su zauna da ita, su ji kuɗin haya yaushe zai ƙare, wace sana'a ta iya. In ɗinki ne, keke. In ƙulle-ƙullen kayan miya ne, jari. Kuma ku faɗa a gaban dangi cewa kyauta ce ga ita da marayu, ba gado ba ce, kada a saka ta cikin rabo.

Kyaftin:
Kai, Bibisi! Sai yanzu nake gani, wallahi jikina ya mutu. Ni ina aji ɗaya lokacin kuna aji biyar. Ranar ziyara ba mai zuwar mini, gidanmu da nisa, sai ya kira ni ya ɗibar mini ƙuli-ƙuli da sukari ya ce wai an aiko masa da yawa. Ƙarya yake, na san abin da ke cikin akwatinsa, ni nake share masa lungu. Bai taɓa sa ni tsallen kwaɗo ba, kuma in ya ga wani sinya ya tsare ni sai ya ce ya aike ni. Bai iya ƙwallo ba dai, wannan kam kowa ya sani, gola kawai ake sa shi don cike gurbi. A turo mini lambar asusun, 'yan setinmu ma za su sa hannu.

Alhaji Tsohon Ɗalibi:
Yarana, na girme ku da kusan shekara ashirin, mun binne 'yan ajinmu da dama. Karo-karon farko kullum yana auki saboda zuciya na da zafi. Na shekara ta biyu shi ne abin dubawa. Ku ware mutum uku amintattu, ku sa wa kowa abin da ba zai gagare shi ba duk wata, ku riƙa biyan kuɗin makarantar yaran kai tsaye duk zango. Sannan wani cikinku da ya san hanyar ofis ya bi musu haƙƙoƙinsa na aiki, takardun nan suna wahalar da mace ita kaɗai.

Ɗan Setin 2000:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka. Malam, gaskiyarka, na kira wansa ɗazu, akwai bashin wani mai kemis da na abokin aikinsa. Da su za mu fara. Maman Walid, matata da ta shugaban guruf za su je ranar Asabar. Rijiya mun ɗage ta zuwa baɗi in Allah Ya kai mu. Kyaftin, duba saƙonka, na tura maka lambar.