Muhawara: wai tsofaffin darussan haɗa shafin intanet sun fi na yanzu?

Tsohon Hannu: Salamu alaikum jama'a. Ni fa ina nan kan bakana, duk mai son sanin yadda shafin intanet ke aiki da gaske ya koma kan darussan da, na zamanin CGI (tsohuwar hanyar sa shiri ya haɗa shafi ya aika wa burawza) da yaren shirye-shirye na Perl. A lokacin Notepad kawai za ka buɗe ka rubuta fayil ɗinka, ka tura shi saba (kwamfutar da ke ɗauke da shafin) ta hanyar tura fayil ta FTP cikin foldar cgi-bin, ka ba shi izinin aiki da chmod 755, kuma da hannunka za ka rubuta layin Content-type mai faɗa wa burawza irin abin da ke zuwa, ka bar layi ɗaya fanko a ƙasansa, in ka manta saba ta watso maka kuskuren 500 ka zauna kana neman dalili. Wahalar nan ita ta koya mana me burawza ke aikawa, me saba ke maidowa. Yaran yanzu darasin farko a ce su sauke kaya ɗaruruwa da npm, manhajar sauko da kod ɗin da wasu suka riga suka rubuta, shafi ya fito tsaf, amma tambaye shi bambancin GET da POST, hanyoyi biyu na aika buƙata ga saba, ka ga yana sosa ƙeya.

Ɗan Auta: Wa alaikumus salam Yaya. Da girman kujerarka amma ban yarda ba gaskiya. Watan jiya na bi wani tsohon darasin yaren PHP daga farko har ƙarshe, ko layi ɗaya na rumbun bayanai bai tashi ba, ashe mysql_query, umarnin yin magana da rumbun bayanai da yake ta koyarwa, an cire shi tun PHP 7 a 2015. Kwana uku na ɓata ina zargin kwamfutata.

Anti Injiniya: Ƙanena ai ka taki sa'a da bai tashi ba. Ni abin da ke damuna da tsofaffin darussan nan ba tsufa ba ne, mugun hali suke koyarwa. Za ka ga an ɗauko abin da baƙo ya rubuta a fom an manna shi kai tsaye cikin umarnin SQL, yaren rumbun bayanai, babu tacewa babu komai, wato ka gina gida ka bar ƙofa a buɗe, ɓarawo ya rubuta ɗan guntun umarni a gurbin suna ya kwashe maka bayanai duka. Ga register_globals, saitin da ke barin abin da baƙo ya aiko ya shiga cikin kod kai tsaye, wanda sai a PHP 4.2 a 2002 aka daina barinsa a kunne, aka cire shi gaba ɗaya a 5.4 a 2012, amma darussan da aka rubuta kafin nan suna nan suna yawo. Kuma Yaya tunda Perl ka kawo, ka tuna FormMail na Matt Wright, shirin nan mai tura abin da aka cike a fom ta imel? Shafuka nawa suka kwafa suka ɗora, masu aika saƙonnin banza suka mai da shi motar haya saboda adireshin mai karɓar saƙo yana cikin fom ɗin, kowa zai iya canza shi.

Tsohon Hannu: FormMail kam na tuna, nima na ɗora shi, ba zan musa ba. Amma Anti ki yi adalci, mutanen nan hanya suke sharewa a daji. Shafin farko na Tim Berners-Lee a cibiyar bincike ta CERN a 1991 ya fito wa duniya, CGI ta zo 1993, Rasmus Lerdorf ya saki PHP a 1995 kuma don shafinsa na kansa ya fara haɗa ta, shekarar ce dai Brendan Eich ya rubuta yaren JavaScript a kamfanin burawzar Netscape cikin kwana 10. Wa ya san duk waɗannan ramukan a lokacin?

Anti Injiniya: Ba laifinsu nake gani ba Yaya, Allah ya saka musu. Maganar ita ce a ba sabon shiga ya koya da su yau ko a'a.

Malamin Kwamfuta: Ku bari in sa baki, don ni ina koyarwa. Rabin tsohon darasin JavaScript faɗan Netscape da Internet Explorer ne kawai, in wannan ne yi document.layers, in wancan ne yi document.all, yaro ya haddace abin da babu burawzar da ke buƙatarsa yanzu. Da getYear ɗin nan, umarnin ɗauko shekara, da ya sa shafuka suka wayi gari a 2000 suna nuna shekara 19100, saboda ya ba da 100 a matsayin shekarar, darasi kuma ya ce a manna 19 a gaba. Da jera shafi da tebur cikin tebur, da rubutu mai ƙyaftawa. Wannan duk a bar shi. Amma inda na bi bayan Yaya, sabon ɗalibina ba ya taɓa React, kayan haɗa shafi na zamani, sai ya haɗa fom ɗaya da HTML zalla, ya aika shi saba, ya buɗe kayan bincike na burawza ya ga buƙatar ta tafi amsa ta dawo da idonsa.

Tsohon Hannu: To ai maganata kenan!

Ɗan Auta: A'a Yaya ba ita ba ce, kai cewa ka yi a koma darussan da. Malam tsarin koyarwar ya ɗauka ya bar kod ɗin. HTML zalla da fom ai suna nan a MDN, shafin bayanan haɗa shafukan intanet, da bayani na zamani.

Tsohon Hannu: Na ji, kod ɗin a bar shi. Amma abu ɗaya ba za ku ƙwace min ba, a da ka ga shafi ya burge ka sai ka danna duba tushen shafi ka karanta komai kamar wasiƙa, da haka dubban mutane suka koya a GeoCities, inda kowa ke buɗe shafinsa kyauta, kafin Yahoo ta rufe shi a 2009. Yau ka buɗe tushe sai layi ɗaya dunƙule mai tsawon gaske wanda inji ya matse, yaro zai koyi me a nan?

Anti Injiniya: Wannan kam gaskiyarka, nima yana min ciwo.

Ɗan Auta: Malam don Allah turo min aikin fom ɗin da kake ba ɗalibanka, da PDO, hanyar da PHP ke magana da rumbun bayanai yanzu, nake so in sake gwadawa a daren nan.