Yaya ake auna alaƙar haruffan DNA da lissafin Shannon na auna yawan bayani?

Ɗalibar Samaru:
Assalamu alaikum malamai. Ina da jerin DNA na dawa mai haruffa 5,000 (A, C, G da T). Yaya zan gane ko harafin wani gurbi yana da alaƙa da wanda ke tazarar k a gabansa?

Malamin Kongo:
Wa'alaikumus salam. Ga kowace k daga 1 zuwa 50, ƙirga sau nawa kowane nau'in tagwayen haruffa 16, daga AA har TT, ya fito a wannan tazarar. Sai ki tara p(x,y) × log2[p(x,y) ÷ p(x)p(y)] na duka 16 ɗin, inda p(x,y) yake kason tagwayen x da y, p(x) da p(y) kuma kason kowane harafi shi kaɗai. Sifili na nufin babu alaƙa, iyakarsa kuma bit 2 (bit shi ne ma'aunin bayani). In yankin mai samar da furotin ne, adadin zai riƙa ɗagawa a k = 3, 6, 9, domin kodon, wato kalmar DNA da ake karantawa wajen haɗa furotin, haruffa uku ne.

Ɗan Tudun Wada:
Haka ne Malam, amma ƙanwata ki kula da ƙarancin samfuri. Ko jerin da aka zuba kara-zube ba ya ba da sifili, yakan ba da kusan bit 6.5 ÷ N (N shi ne yawan haruffan), wato 0.0013 a naki. Alaƙar gaske kuwa takan yi ƙanƙanta. Ki hautsina haruffan sau 1,000, ki sake lissafi kowane karo, sannan ki kwatanta. Ki fara cire maimaitattun sassa tukuna, dawa cike take da su, kuma su ke kumbura adadin.