Jiri da tangaɗi: yadda hukumar VA ke auna ciwon cikin kunne a neman diyya

Malam_Dauda: Assalamu alaikum. Tsohon sojan Amurka da ke fama da jiri tun bayan fashewar bam, me ya sa hukumar tsofaffin sojoji ta VA za ta ba shi kashi 10 cikin 100 na ma'aunin nakasa saboda ƙarar kunne amma ta ƙi jirin gaba ɗaya? Da me ake gyarawa?

Hajiya_Binta: Wa alaikumus salam Malam. Yawanci hujja ce babu. Ƙarar kunne, lamba 6260 a jerin cututtukan hukumar, kashi 10 ce, ko kunne ɗaya ko duka biyu, kuma ana karɓar maganar mai ita. Jiri kuwa yana ƙarƙashin lamba 6204, kuma doka ta ce sai gwaji ya nuna lalacewar sashen da ke daidaita tsayuwa kafin a biya ko sisi. Jiri jefi-jefi kashi 10, in ya haɗa da tangaɗi kashi 30, daga nan ba ƙari.

Ya je wa likitan kunne ya nemi gwajin VNG. Ana sa masa tabarau mai kyamara, a zuba ruwa mai ɗumin digiri 44 da mai sanyin digiri 30 a kowane kunne, a duba rawar idanunsa. Inda mutane ke ɓata wa kansu shi ne shan maganin jiri meclizine ko barasa kafin gwajin: suna gurɓata sakamakon. Akan dakatar da su awa 48 kafin nan, amma da izinin likita.

Abu_Yasir: Ƙari a kan na Hajiya, a bincika ko cutar Meniere ce, lamba 6205. Ita ce mai haɗa hajijiya da raunin ji. Harin da bai kai sau ɗaya a wata ba kashi 30. Sau 1 zuwa 4 a wata tare da tafiyar tangaɗi kashi 60. Fiye da sau ɗaya a mako tare da tafiyar tangaɗi kashi 100. Hukumar za ta iya auna jiri da ji da ƙara daban-daban, sannan ta ɗauki hanyar da ta fi tsoka, amma ba a haɗa hanyoyin biyu. Kuma lissafinsu ba na kasuwa ba ne: 30 da 10 suna ba da 37, a mayar 40.

Tunda yawan hari ne ma'auni, ya ajiye littafi: rana, tsawon harin, ko ya yi amai, ko ya faɗi. Ranar gwajin likitan hukumar kada ya yi jarumta ya ce da sauƙi, wannan kalmar ita za a rubuta.

Hajiya_Binta: Saura takardar likita mai ɗaure ciwon da aikin soja, wadda ta ce yiwuwar ta kai kashi 50 ko fiye. Bugun kai, maganin kashe ƙwayoyin cuta gentamicin da maganin zazzaɓin sauro mefloquine duk suna iya taɓa sashen da ke daidaita tsayuwa, don haka a duba fayil ɗinsa na asibitin soja. Sai ya cika fom 20-0995, na neman a sake duba hukuncin, da sabuwar hujjar cikin shekara ɗaya da ranar hukuncin, in ba haka ba kuɗin baya ya tafi.