Ruwa na shigo mana gida duk damina, siminti zan zuba ko me?

Ɗan Kurna:
Salam jama'a, don Allah shawara nake nema. Gidanmu a Kano yake, da Agusta ta kama shikenan ba barci, jiya ma har ɗaki ruwa ya shigo muna ta kwarfa da bokiti har asuba, katifar yara duk ta jiƙe. Abin mamaki da muna yara ba a haka a layin nan. Ina tunanin in mamaye tsakar gidan da siminti in ɗaga dokin ƙofa, ya kuka gani?

Injiniya Bash:
Wa alaikumus salam. Ɗaga dokin ƙofa ba laifi amma simintin nan ka dakata tukuna, shi ne ma rabin matsalar. Rufin da ya kai murabba'in mita 100 in aka yi ruwan milimita 30 lita 3,000 yake zubarwa, duro 15 kenan daga gida ɗaya tal, to kowa ya shafe tsakar gidansa ƙasa ba ta shan komai duk sai lambatu, ina lambatu zai iya? Ka sa tanki a bakin indararo, ka haƙa rami ka cika da tsakuwa da yashi rarar ta riƙa nutsewa, amma nesa da gindin gini da masai fa. In dole sai ka shimfiɗa wani abu to intalok (ƙananan bulon da ake jerawa a ƙasa) a kan yashi, kar a cike tsakaninsu da siminti.

Baba Na Gwale:
Ɗana ka tambayi manyan unguwarku ina kududdufin da ke kusa da ku ya tafi. Ramukan da aka haƙi ƙasar gini ne tun zamanin da, nan ruwan birni ke taruwa kafin rarar ta gangara rafin Jakara. Yanzu an cike su da shara an yanka filaye an yi shaguna. Ruwa ai ba ya manta hanyarsa.

Maman Hanif:
Hmm ni dai leda ce ta ishe ni wlh, kwalbatin layinmu da matasa suka yi gayya suka yashe har tsohuwar katifa aka ciro, ga ledar fiya wata kamar me, kuma da hadari ya haɗo za ka ga an aiko yara su juye shara a kwata wai ruwa zai tafi da ita.

Ɗan Kurna:
Na gode sosai. Injiniya ramin nan zurfinsa kamar ƙafa nawa? Don ƙasarmu da ɗan taɓo-taɓo.