BUK ko ABU: ina ya fi dacewa yaro ya karanta harkar kasuwanci?

Malam Nasiru: Assalamu alaikum. Ga maganar da nake so mu tattauna, tunda lokacin cike fom ɗin JAMB ya gabato. Ra'ayina shi ne duk yaron da zai yi digirin farko a fannin gudanar da kasuwanci, in zaɓinsa ya tsaya tsakanin Jami'ar Bayero ta Kano (BUK) da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya (ABU), to ya sa Bayero. Dalilina guda ne: darasin kasuwanci yana buƙatar kasuwa a kusa. Ɗalibin BUK yana da Kantin Kwari, Singa, Dawanau, Kurmi da Sabon Gari, ga kuma masana'antun Sharaɗa, Challawa da Bompai. Abin da aka koya masa da safe zai iya zuwa ya gan shi da idonsa da yamma. Zariya gari ne na ilimi, babu musu, amma ba ta da kasuwanni masu wannan girman.

Hajiya Binta: Wa alaikumus salam. Malam Nasiru, ban yarda ba. Kusancin kasuwa dama ce, amma ba ya shiga takardar digiri. Ɗalibi yana iya shekara huɗu a sabon matsugunin BUK na hanyar Gwarzo bai taɓa buɗe littafin ajiyar kuɗin wani ɗan kasuwa ba. Sannan a duba tarihi. Cibiyar koyar da sha'anin mulki ta ABU da ke Kongo a Zariya ta girmi ita kanta jami'ar, wadda aka kafa a 1962, kuma a nan aka daɗe ana horar da akantoci da ma'aikatan gwamnati na Arewa. Ita BUK ɗin ma daga jikin ABU ta fito: kwalejin Abdullahi Bayero ce a ƙarƙashinta, sai a 1977 ta zama cikakkiyar jami'a. Amfanin wannan tsufa shi ne yawan tsofaffin ɗalibai. Ka shiga bankuna da hukumomin tarayya a Abuja da Kaduna ka ga yawan waɗanda suka fito daga Zariya. Kuma ABU tana tara ɗalibai daga kowane sashe na ƙasar nan, yaro zai zauna aji ɗaya da Bayarabe, Inyamuri, ɗan Tibi da Babarbare. Ga mai son harkar kasuwanci, sanin mutane jari ne.

Malam Nasiru: Hajiya, sanin mutanen da kike faɗa na mai neman aikin ofis ne. Mai son ya buɗe nasa, sanin dillalan Dawanau ya fi masa amfani. Kuma BUK tana da makarantar kasuwanci ta Dangote da cibiyar nazarin bankin Musulunci.

Hajiya Binta: Nan ne iyaye da yawa suke ruɗewa. Makarantar Dangote ta masu karatun gaba da digirin farko ce, irin su MBA. Yaron da ya shigo ta JAMB sashen koyar da kasuwanci zai tafi, tare da sauran ɗaliban ajin farko. Kada a cike wa yaro fom saboda ginin da sai bayan ya gama digiri zai shiga. Haka ma a ɓangarena, masu kafa hujja da cewa Sanusi Lamido Sanusi ɗan ABU ne su tuna tattalin arziki ya karanta, wanda sashe ne daban.

Malam Auwalu: Ku gafarce ni, kun fara gini daga rufi. Kafin a yi gardamar wacce ta fi, a fara tambayar wacce za ta ɗauki yaron. Jami'o'in tarayya suna raba gurabe gida uku: kashi 45 cikin ɗari bisa cancanta, kashi 35 ga jihohin da ke yankin jami'ar, kashi 20 ga jihohin da aka lissafa a matsayin waɗanda ke baya a karatun boko. Ma'anar wannan ita ce yara biyu masu maki ɗaya, ɗaya ya samu ɗaya ya rasa, saboda jihar da suka fito. Don haka matakin farko shi ne a bincika ko jihar yaron tana cikin yankin jami'ar da ake so.

Na biyu, darussan jarrabawa. Ga gudanar da kasuwanci, abin da aka saba nema a UTME, wato jarrabawar JAMB, shi ne Turanci, Lissafi, Tattalin Arziki, da wani darasi guda daga waɗanda kundin JAMB na shekarar ya yarda da su. A sakamakon WAEC ko NECO kuma kiredit biyar, har da Turanci da Lissafi. Kuskuren da ke faruwa kowace shekara shi ne yaro ya guje wa Lissafi ya sa Gwamnati da Adabi saboda sun fi masa sauƙi, ya ci maki mai kyau cikin 400 ɗin, sannan a ƙi shi saboda haɗin darussansa bai dace da kwas ɗin ba. Wani kuma yana da D7, wanda bai kai kiredit ba, a Lissafi yana zaton za a lamunce masa. Ba za a lamunce ba.

Na uku, zaɓi na farko. Jami'o'i irin waɗannan masu nema sun yi musu yawa, da wuya su waiwayi wanda ya sa su a zaɓi na biyu. Kenan ba za ka sa BUK a farko ka ajiye ABU a matsayin mafaka ba. In makin ya fito bai kai yadda ake so ba, akwai damar canza makaranta ko kwas a cibiyar JAMB, amma a yi kafin jami'ar ta rufe rajistar tantancewarta. A kuma tabbatar an ɗora sakamakon sakandare a shafin CAPS, inda JAMB ke tafiyar da ɗaukar ɗalibai. Yaro yana iya cin komai, sunansa ya maƙale saboda wannan abu ɗaya.

Hauwa: Malam Auwalu, wanda makinsa bai kai ba fa, sai ya haƙura da shekarar?

Malam Auwalu: A'a, Malama Hauwa. Akwai hanyar shiga kai tsaye aji biyu da sakamakon IJMB, jarrabawar share fagen shiga jami'a wadda ABU ce ke gudanar da ita, ko da difloma ta ƙasa, ko NCE. Digirin sai ya zama shekara uku maimakon huɗu. Sai dai gurabenta ba su da yawa, kuma dole a sayi fom ɗin shiga kai tsaye na JAMB. Wanda ya shiga jami'a ba tare da sunansa ya bi ta JAMB ba zai sha wahala lokacin tafiya hidimar ƙasa.

Alhaji Sabi'u: Ni ina bayan Malam Nasiru, amma da sharaɗi. Kasuwa ba ta koyar da wanda bai shigo da tambaya ba. Bari in ba da misalin abin da ɗalibi ya kamata ya yi a hutun ƙarshen shekara. Ya nemi shago guda a Kwari, na ɗan'uwa ko na abokin mahaifinsa, ya roƙi a bar shi ya riƙa rubuta abu uku kullum: abin da ya shigo, abin da ya fita, da wanda aka ba da bashi. A ce shagon yana riƙe da shadda da atamfa na naira miliyan 6 a matsakaici, kuma kayan da ya sayar a shekara an saro su a kan miliyan 24. Kenan kayan suna juyawa sau huɗu, kowace dila tana kwana wajen 90 kafin ta fita. To a ce mai shagon yana ba 'yan sari bashin kwana 60, shi kuma wanda yake saro wa yana son kuɗinsa cikin kwana 30. Kuɗin suna fita a rana ta 30, ba sa dawowa sai rana ta 150, wato kwana 90 na zaman kaya da 60 na bashi. Kwana 120 kenan da sai ya cike daga aljihunsa. Wannan ne ke karya shaguna masu ciniki sosai: riba tana nan a rubuce, amma babu tsabar kuɗin saro sabon kaya ana gab da Sallah. Yaron da ya lissafa wannan da hannunsa ya fahimci darasin sarrafa jari fiye da wanda ya haddace shi don jarrabawa. A Kano irin wannan shagon yana da sauƙin samu, kuma ko ranar Asabar yaro zai iya leƙawa.

Hajiya Binta: Alhaji, lissafinka daidai ne, amma ka ce a hutu za a yi. Ɗalibin ABU ma yana da hutu, kuma Zariya zuwa Kano tafiyar kilomita 150 da 'yan kai ce. Ga Sabon Garin Zariya, ga Kaduna a kusa. Abin da ka kawo hujja ce a kan ƙwazon yaro, bai raba jami'o'in ba.

Kuma abin da ake koyarwa a ajin kusan ɗaya ne. Sabon tsarin manhaja da hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, NUC, ta fitar a ƙarshen 2022 ya tsayar da kashi 70 na darussa iri ɗaya ga kowace jami'a, ya bar wa kowacce kashi 30 ta tsara da kanta. To bambancin yana cikin kashi 30 ɗin, da malaman da ke sashen, da yawan ɗalibai a aji. Waɗannan a wajen ɗaliban aji uku da huɗu ake jin su. A tambaye su: ku nawa ne a aji, malamai suna shiga a kan lokaci, sakamako yana fitowa kafin a fara rajistar zango na gaba, malami ɗaya ɗalibai nawa yake duba wa aikin binciken kammalawa. A kuma duba matsayin amincewar NUC ga kwas ɗin kansa, domin kwas-kwas ake tantancewa. Cikakkiyar amincewa tana ɗaukar shekara biyar, ta wucin gadi biyu, wanda aka hana kuma ba a ɗaukar sabbin ɗalibai a cikinsa.

Hauwa: Anti Binta, ni abin da ya fi damuna shi ne babu wanda ya taɓo darajar digirin. Bankuna da manyan kamfanoni in za su ɗauki sabbin ma'aikata, abin da suke fara tacewa da shi shi ne daraja da shekaru. Da yawa ba sa karɓar ƙasa da 2:2, wato daraja ta biyu ta ƙasa, wasu sai 2:1, daraja ta biyu ta sama, kuma sukan sa iyakar shekaru da ba ta kai talatin ba. Mai 2:1 daga ko wacce cikin biyun ya sha gaban mai daraja ta uku daga ɗayar. Ana samun 2:1 daga matsakaicin maki 3.50, daraja ta ɗaya daga 4.50 cikin 5.

Ga yadda ake zubar da shi tun ajin farko. Ɗalibi yana da kwas shida, kowanne yunit uku. Ya ci B a biyar, wato maki huɗu-huɗu a kan kowane yunit, ya faɗi ɗaya. Jimilla 60 a raba da yunit 18, ya tashi da 3.33. Faɗuwa ɗaya ta fitar da shi daga 2:1, ga kuma kwas ɗin yana jiransa baɗi a kan sabbin darussa. Kuma yawanci Lissafin kasuwanci, ƙididdiga da akanta ne ke kayar da su, domin da yawa sun zaɓi fannin ne suna zaton sun tsere wa lissafi. Shi ya sa nake ganin wurin da yaro zai samu natsuwar karatu ya fi sunan makaranta muhimmanci.

Malam Nasiru: To wannan ma ai ya ƙarfafa maganata ga 'yan Kano. Yaro yana gidan iyayensa, ba haya, ba girki.

Hauwa: Ya danganta da unguwar, Malam. Wanda ke Rijiyar Zaki ko Kabuga, kusa da makaranta, ya huta. Wanda zai taso daga Hotoro ko Mariri kullum zai hau abin hawa biyu ko uku kafin laccar ƙarfe takwas, ya dawo gida bayan magariba a gajiye, ga aiken gida. A lissafa kuɗin motar nan na kwana biyar a mako tsawon zango biyu, wani lokacin ya kai kuɗin kama ɗaki a Ɗanbare, kusa da makarantar. Wani yaron kuma nisa da gida ne ke sa shi ya kama kansa, wani nisan ne ke lalata shi. Iyaye sun fi kowa sanin nasu.

Malam Auwalu: A kan kuɗi, a zauna da biro da takarda a rubuta wa kowace jami'a layi shida: kuɗin rajista na shekarar, ɗaki, abinci, mota, littattafai da data, da kuɗin zuwa gida a hutu. Kada a gina lissafin a kan samun gado a ɗakin kwanan makaranta, domin a duka biyun masu nema sun fi gadajen yawa. A sa kuɗin haya a waje, in an samu gado sai ya zama rara. Akwai bashin karatu na NELFUND da aka fara a 2024, yana biyan kuɗin makaranta tare da naira 20,000 a wata na kashewa, amma bashi ne da za a biya, kuma kada a jira shi kafin a tanadi kuɗin rajistar farko. Batun yajin aiki kuwa ba ya raba su. Na ASUU na 2022, wanda ya ɗauki wata takwas, ya rufe Kano da Zariya gaba ɗaya.

Hajiya Binta: Akwai tambayar da ta fi ta garin nauyi, ita ce wane kwas. Gudanar da kasuwanci fanni ne mai faɗi, yana taɓa talla, kula da ma'aikata, kuɗi da sarrafa kaya, amma ba ya zurfafawa a ko ɗaya. Yaron da ke son zama ƙwararren akanta ya sa akanta tun farko, kuma a bincika ko ICAN, cibiyar ƙwararrun akantoci ta Najeriya, ta amince da sashen, domin amincewar ce ke sa a yafe masa wasu takardun jarrabawarta. Zai ma iya fara ATS, ƙaramin matakin jarrabawarta, yana ɗalibi. Wanda ya karanta gudanar da kasuwanci sannan ya juya zuwa ICAN zai rubuta takardu fiye da abokinsa na sashen akanta. In a ɗaya jami'ar an ba shi kwas ɗin da yake so, a ɗayar an tura shi wani daban, ya bi kwas ɗin.

Alhaji Sabi'u: Na yarda da wannan ga mai neman aikin albashi. Amma yaron da gidansu ke da shago ko rumbun hatsi, kuma shi ake sa ran zai riƙe, ban ga dalilin kai shi nesa da dukiyar shekara huɗu ba.

Malam Nasiru: To na rage maganata, amma ban janye ta duka ba. Ga ɗan Kano ko Jigawa mai niyyar kasuwanci, wanda makinsa ya kai kuma masaukinsa bai yi nisa da makaranta ba, har yanzu BUK nake zaɓa masa. Wanda ke harin banki ko hukumar tarayya, Hajiya tana da hujja a kan ABU. Malam Auwalu, in yaro bai da tabbas a kan makinsa, ya jira sakamako kafin ya tsayar da zaɓi?

Malam Auwalu: Ba zai yiwu ba, domin ana zaɓar makaranta ne lokacin rajista, kafin a zauna jarrabawa. Ya sa wadda jiharsa ke cikin yankinta a zaɓi na farko. In sakamako ya fito, ya kwatanta makinsa da na waɗanda sashen ya ɗauka bara, ba da mafi ƙarancin makin da jami'ar ta sanar ba, domin wannan na shiga tantancewa ne kawai. In tazarar ta yi yawa, ya je cibiyar JAMB ya canza a makon, kafin layi ya yi tsawo.