Lesin yaran unguwarmu da maganar "baƙi"

Baban Khalifa: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Yau dai abin ya ishe ni, shi ya sa na kawo nan kowa ya ji. Ƙungiyar nan da ta shigo unguwarmu a nan Agege ta Legas bayan ƙaramar sallah ta buɗe wa yara lesin yamma a rumfar bayan masallaci, yau mako biyar ke nan ba a ga ƙeyar malami ko ɗaya ba. Da suka zo har gida suka bi mu da fom, suka ɗauki sunan yaro da na uba da lambar waya. An kawo bencina, an kawo farin allo, an ba kowane yaro jaka da littafi biyu da fensir. Khalifa har kwana yake yi da jakarsa a gefen filo. Ranar buɗewa aka jera yaran ana ɗaukar hoto, kuma da idona na ga mai kyamarar yana tura masu takalmi baya, yana jawo marasa takalmi gaba. Yanzu bencinan suna nan ruwa ya kumbura katakon, awaki ne ke kwana a kai. Jiya da dare wani ya nuna mini hoton ɗana a shafinsu na Facebook ana neman taimako da shi. Kuɗin da ake tarawa da fuskar 'ya'yanmu ina yake tafiya? Ko don an ga mu baƙi ne a garin nan, shi ya sa kowa ya kwaso hajarsa sai ya sauke a kanmu?

Maman Ilham: Wa alaikumus salam. Gaskiya an daina zuwa, wannan ba ƙarya. Amma tsakani da Allah Ilham a rumfar nan ta fara haɗa baƙi da wasali na boko. Rannan muna cikin danfo ta karanta mini Pen Cinema a jikin allo, har sai da na ji ƙwalla. Malamar tasu ta taɓa gaya mini kuɗin mota ne ke gagarar ta.

Ɗan Zango: Malam Baban Khalifa, tsaya tukuna. Su wa ye baƙin? Ka yi wa kanka magana. Ni a Agege aka yanke mini cibi, nan aka haifi mahaifina, kakana fataucin goro ya kawo shi, kuma a nan kabarinsa yake. Tun da jirgin ƙasa ya haɗa Ikko da Kano a 1912 Hausawa ke sauke kaya a Agege. Muna da Sarkin Hausawa, muna da masallatanmu, muna da gidaje da takardunsu. Ka janye kalmar nan.

Baban Khalifa: Yaya, ni ba abin da nake nufi ke nan ba. Maganar lesin nake yi.

Ɗan Zango: Ai da bakinka ka faɗa. Irin wannan furucin ne ke sa yaro ɗan shekara goma ya tare dattijo a titi ya ce masa "aboki". Mu muke fara kiran kanmu baƙi, sannan mu ji haushi in wani ya maimaita.

Mai Boxer: To ɗan gari, tambaya ɗaya. Da ɗanka zai cike fom ɗin aikin gwamnatin tarayya, ina ka je ka karɓo masa takardar shaidar ƙaramar hukuma? Agege ko ƙauyen kakanka? Ka faɗi gaskiya don Allah. Baƙo raɓa ne, ko ya shekara ɗari.

Ɗan Zango: Wannan matsalar takarda ce, duk Najeriya haka take. Bayarabe da aka haifa a Sabon Garin Kano ma haka yake fama.

Mai Boxer: To shi ma baƙo ne a can. Ka ga mun zo waje ɗaya.

Ticha: Jama'a a yi a hankali. Sashe na 41 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba kowane ɗan Najeriya damar ya zauna duk inda ya ga dama, na 42 ya hana a nuna masa bambanci saboda asalinsa. A doka babu baƙo a cikinmu. Kuma dokar ilimin bai-ɗaya (UBE) ta 2004 ta ce shekara tara na farko na karatu kyauta ne kuma dole ne, firamare shida da ƙaramar sakandare uku. Ni a makarantar gwamnati nake koyarwa, ban taɓa ganin an kori yaro don sunansa Musa ko Hadiza ba. Abin da ke hana yaranmu shiga yawanci takardar haihuwa ce. Uba ya zo da yaro hannu rabbana, a ce ya je ofishin hukumar ƙidaya ya yanko takarda, ya yi katin LASRRA na rajistar mazauna jihar Legas, shi ke nan ba zai sake dawowa ba.

Mai Boxer: Ticha, doka a littafi take. Ranar 1 ga Yunin 2022 da aka hana acaba a Ikeja da Surulere da Apapa da sauransu, babur ɗin wa aka riƙa kamawa ana niƙewa? Ina sashe na 41 yake a ranar?

Hajiya Mai Atamfa: Kai ɗan nan, kada ka ja mu wannan hanyar. Hanin bai ce Bahaushe ba, ya ce acaba. Kuma ku faɗa wa kanku gaskiya, hawa titi ta hannun da ba naku ba da gudun wuce sa'a su suka jawo. Mu da muka tsufa a nan muna zaune lafiya da maƙwabtanmu Yarbawa, bikinsu namu ne, sunanmu nasu ne. Sai da aka fara sauke mana yara a bayan tirela, ba su san kowa ba, ba su jin Yarbanci ba su jin Turanci, sannan aka fara yi mana kallon banza gaba ɗaya.

Mai Boxer: Hajiya, da girmanki. Wanda 'yan bindiga suka kora daga gonarsa a Zamfara ina kike so ya je? Kakanku ma da ƙafa ya zo, ba daga sama ya faɗo Agege ba.

Hajiya Mai Atamfa: Ya zo da jari da mutunci.

Na Mile 12: Subhanallah. Hajiya wannan magana ta yi nauyi. Wato talaka ba shi da mutunci? Tumatur da tattasai da albasar da Legas ke miya da su, 'yan ci-ranin nan ne ke sauke su tun kafin asuba, kwando a ka, ƙafa cikin caɓi. In suka tafi hutun kwana uku kowa zai ji a tukunyarsa.

Hajiya Mai Atamfa: Ban ce talaka ba. Kada a sa mini magana a baki.

Baban Khalifa: Jama'a don girman Allah, maganar hoton ɗana fa?

Alaramma: Ni tun farko ban yarda da lesin nan ba, kuma na faɗa a masallaci. Ruwa ba ya tsami banza. Me ya sa sai bayan la'asar, daidai lokacin da yara ke ɗaukar allo? Makarantata ta koma rabi a watannin nan. Kuma wa ya san wanda ke ba su kuɗi? An ce daga ƙasar waje ne. Wanda ya ciyar da ɗanka yau, gobe shi zai gaya masa abin da zai yi imani da shi.

Maman Ilham: Allah ya gafarta Malam, malamar da ke koya musu da hijabinta take zuwa har ƙasa, Bayarabiya ce Musulma. Da an kira magariba take sallamar su. ABCD da lissafi kawai na ga ana yi, don ni kan zauna a bakin rumfar in jira Ilham.

Alaramma: Hijabi ba shi ne hujja ba, 'yata.

Ticha: Malam, ai hijabin ma Musulmin Yarbawa ne suka yi shari'arsa shekara da shekaru, har Kotun Ƙoli ta yanke a watan Yunin 2022 cewa ɗalibai mata za su iya sa shi a makarantun gwamnatin Legas. 'Ya'yanmu na cin moriyarsa yau. Ba kowane abu da ya fito daga wajenmu ne makirci ba.

Ɗan Zango: Yauwa Ticha. Shi ya sa nake cewa mu daina ware kanmu. Tun 2018 doka ta wajabta koyar da Yarbanci a makarantun jihar nan, 'ya'yana suna yi, suna cinyewa, bai rage musu Hausa ko sallah ba. Mai kiran kansa baƙo shi ne ke ƙin sa ɗansa.

Mai Boxer: Ku da kuka iya Yarbanci sai ku riƙa shiga gaba duk abin da aka kawo. Buhun shinkafa na siyasa ku, katin tallafi ku. Ko wannan ƙungiyar wa ya kawo ta? Wa ya rubuta sunayen yara? Na ji an ce akwai wanda aka ba kwangilar bencinan a cikin zauren nan.

Ɗan Zango: Ka kama suna in kai namiji ne.

Mai Boxer: Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Ɗalibi: Iyayena, ku ba ni minti ɗaya, don na taɓa yin aikin sa-kai da wata ƙungiya irin wannan, ba wannan ba. Yawanci tallafin da ake ba su na wa'adi ne, wata shida ko shekara. In ya ƙare ba a sabunta ba, aiki ya tsaya cak. Malaman ba albashi suke ci ba, ɗan kuɗin mota ne, kuma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kowa ya san yadda kuɗin danfo ya koma. Wannan bai wanke su ba. Ya kamata su tara iyaye su ce kuɗi ya ƙare, ba su ɓace ba sallama. Hoton yaro kuma ba a sa shi a neman taimako sai da yardar uba. Baba Baban Khalifa, ka duba fom ɗin da ka sa wa hannu, ta yiwu an saka maganar hoto a ƙasa da ƙananan rubutu. Ko an saka, kana da ikon rubuta musu ka ce a cire. Sannan ana iya duba sunansu a shafin CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, a ga ko suna da rajista. In dattawa uku suka je ofishinsu da takarda, za a saurare su.

Na Mile 12: Ni dai har yanzu ina jiran Hajiya ta janye maganar mutunci.

Hajiya Mai Atamfa: Sai wancan ya fara janye "baƙi".

Alaramma: Duk wannan da gwamnatocinmu na Arewa sun yi abin da ya kamata, da ba mu zo muna faɗa a kan benci a Kurmi ba. Makarantun tsangaya da Jonathan ya gina, wadda ya fara buɗewa a Gagi ta Sakkwato a 2012, je ka ga yadda da yawa suka koma. An kafa hukumar almajirai a 2023, mu nan ko ƙeyarta ba mu gani ba.

Na Mile 12: Ai yara miliyan 20 ne ba sa makaranta a ƙasar nan, na ji a rediyo.

Ticha: Wannan ƙiyasin UNESCO ne na 2022, ya haɗa har da 'yan sakandare. Wanda UNICEF ta daɗe tana ambata miliyan 10.5 ne, na yara 'yan shekara 5 zuwa 14.

Na Mile 12: Ticha kullum sai ka rage. Kai ma'aikacinsu ne ai.

Ticha: Ban rage yaro ko ɗaya ba, Alhaji. Ma'auni biyu ne.

Mai Boxer: Kuma yawancinsu 'ya'yan baƙi ne irinmu.

Ɗan Zango: Ka sake faɗa! Shugaba, ko a cire shi ko ni in fita.

Shugaban Zaure: Assalamu alaikum. Na karanta komai tun daga sama, kuma zan rufe maganar nan haka. Abin da ya fito fili shi ne mafi yawan jama'a ba su ji daɗin kalmar "baƙi" ba, kuma suna da gaskiya. Mu da iyayenmu suka kafa unguwar nan ba za mu zauna a zaurenmu ana kiranmu baƙi ba, Ticha ma ya kawo doka ta tabbatar. Ina roƙon Malam Baban Khalifa ya janye, Mai Boxer kuma wannan ne gargaɗi na ƙarshe, musamman zargin kwangila da ba shi da shaida. Hajiya uwa ce a wajenmu, an yi mata gurguwar fahimta ne. Game da ƙungiya, ni na karɓe su ranar da suka zo, mutanen kirki ne, kuma Ɗalibi ya bayyana cewa kuɗi ne ya yanke musu, ba laifinsu ba ne. Yaba kyauta tukwici. 'Yan'uwanmu da suka zo daga baya su riƙa tuntuɓar na gaba kafin su kawo ƙorafi bainar jama'a, kada mu kori masu taimako da bakinmu. Kada kowa ya ƙara rubutu a kan wannan.

Ɗalibi: Ranka ya daɗe, ban ce ba laifinsu ba ne. Na ce ya kamata su yi sallama, kuma a cire hoton.

Baban Khalifa: Na janye "baƙi", Allah ya huci zuciyar kowa. Amma hoton Khalifa yana nan a shafin har yanzu, na sake dubawa. Ɗalibi, in kana da lokaci gobe bayan azahar ka zo ka duba mini fom ɗin, na same shi a cikin jakarsa.

Maman Ilham: Hadari ya haɗo ta wajen Oko-Oba. Samari biyu su zo su taya ni mu shigar da bencinan nan barandar masallaci.